Tsakuwar da Ba Ni Na Dafa Ba

Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam, kuma har yau kuka nake. Na fita takaba, masu zuwa gaisuwa sun gaji sun daina zuwa, ni ban gaji ba. Duk wanda ya shigo ya same ni sai ya ce, "Iya, a yi haƙuri, addu'a yake buƙata." To ai ina yi masa. Baki ke addu'a, ido kuwa ba shi da wani aiki, sai na bar shi ya yi nasa.

Ranar da aka buɗe akwatinsa don rabon gado, babban ɗana ya ciro wani tsohon gwangwanin man shafawa daga ƙarƙashin riguna. Ya girgiza, ya ji ƙara, fuskarsa ta washe, ina jin ya zaci zinariya ce. Da ya buɗe sai ya ga tsakuwa uku. Biyu ƙanana kamar ƙwayar dawa, ɗaya ta kai ƙwallon dabino, baƙa, mai ƙaya-ƙaya kamar ƙarangiya. Ya ɗaga hannu zai watsar.

Na ce, "Ajiye. A sa mini su cikin tumunina."

Malamin da ke rabon ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Iya, tsakuwa ce fa."

Na ce, "Na san ta tun kafin a yaye ka."

Ga su nan a gefen matashina. Labarinsu nake so a rubuta, tunda ni ban san baƙi ba, kuma wanda ya san labarin tare da ni ya tafi.

An kawo ni gidan Malam a shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki. Daga wani ƙauye na ƙasar Roni aka ɗauko ni a kan jaki zuwa Kazaure. Mu dai ba mu ga abin da aka miƙa ba, gero ne jiya, gero ne yau. Na tarar da Malam da mahaifiyarsa, wadda duk gidan ke kira Inna. Shi kaɗai ne ɗanta namiji da ya rayu, saboda haka ko tari ya yi sai ta nemi wanda ya jawo. Malam kuwa bai taɓa kiran sunana ba. 'Yar duwatsu yake ce mini, wai garinmu ba abin da ke tsirowa sai dutse, kamar shi a kan tabarmar alharini Kazaure take zaune.

Da fari awon gyaɗa yake yi wa wani attajiri. Duk buhun da ya wuce ta gabansa sai ya ɗanɗana, har ya zama bakinsa ba ya zama sai da gyaɗa a ciki. Da harkar gyaɗa ta mutu, kuɗin mai suka shigo, aka canza fam ta koma naira, sai ya koma bin babbar mota, yana rakiyar hatsi da awaki tsakanin Babura da Kano. A nan ya ɗauko halaye biyu. Na farko, ya daina shan ruwa da rana, domin direbansu ba ya tsayawa don wani ya kama ruwa. Na biyu, ya koyi shayin Buzaye a kasuwar Babura, baƙi ƙirin, mai ɗaci, ba madara, a 'yar buta kamar ta wasan yara. Ya sayo butar ya kawo gida. Yana ɗaga ta sama yana tsiyayawa, yana kallonmu ko mun ga wayewa.

Muna da 'ya'ya huɗu a lokacin da abin ya fara. Bazara ce, da hantsi, ina tankaɗe sai na ji ihu daga zaure. Na fita na tarar da Malam yana birgima, ya dafe kwiɓi, gumi na zuba, yana kiran sunayen Allah har da waɗanda ban taɓa ji ba. Ni da na haihu sau huɗu a durƙushe ban yi rabin wannan ihun ba. Na faɗa masa haka daga baya, ya ce ai ni ƙofata a buɗe take.

Kwana biyu yana wannan hali, fitsarinsa ja kamar zoɓo. Ya kasa zuwa bayan gida, sai a tsohuwar tasa yake yi. Rana ta uku da azahar muka ji ƙwal a cikin tasar. Malam ya yi ajiyar zuciya, ya kwanta, barci ya ɗauke shi nan take.

Inna ce ta sa tsinke ta ciro abin. Ta wanke shi, ta ɗora a tafin hannu, ta kai shi hasken rana, ta juya shi. Sannan ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Ke, zo nan. Mene ne wannan?"

Na ce, "Tsakuwa ce, Inna."

"A cikin wa ta fito?"

"A cikin Malam."

"Shi ɗana ƙasa yake ci? Kaza ne shi?"



Ta ce, "Shekara goma sha kina ɗura masa tsakuwa. Ba ki iya rege hatsi ba. Dama me za a samu daga garin da ake sussuka a kan dutse?"

Wanda bai yi girki a wancan zamani ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Hatsinmu a ƙasa ake sussuka shi, a ƙasa ake shanya shi, yana zuwa da yashi da tsakuwa. Mace sai ta zuba shi a ƙwarya da ruwa, tana jujjuyawa a hankali, tana tsiyaye hatsin cikin wata ƙwaryar, tsakuwa ta kwanta a ƙasa. Wannan shi ne regewa. Yarinya tun kafin ta iya ɗaura zane take koyon sa. A ce wa matar aure ba ta iya rege hatsi ba, daidai yake da a zagi uwar da ta rene ta. Kuma ban da abin da zan kare kaina da shi, don ni ma na yarda. Tsakuwa ta shiga ta baki, ta fito ta ƙasa. Wace hanya kuma za ta bi? Duk unguwar ba wanda ya yi musu. Mata suka riƙa shigowa kallon tsakuwar kamar an yi haihuwa, suna fita suna duban hannuna.

Inna ta kafa doka. Kullum zan rege hatsi sau uku a gabanta, tana zaune a kan turmi. Kuma ta ce, a gaban Malam, ranar da aka ƙara samun tsakuwa ko ɗaya a abincina, in haɗa kayana in koma Roni, 'ya'ya kuwa na gidan ne. Malam ya sunkuyar da kai. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. A zamaninmu namiji ba ya musu da uwarsa a kan mace, kuma na san idan ta ce ya sake ni, zai sake ni yana kuka, amma zai sake ni.

Na rege hatsi har fatar yatsuna ta yi fari ta tattare. Inna ta daina barin Malam ya ci abinci a zaure da abokansa. A tsakar gida yake ci, ita tana gefe ta kasa kunne.

Wata rana na dafa shinkafa da wake. Shinkafar gida ce, irin ta fadama, wadda rabinta tsakuwa ne. Na tsince ta a faifai, na rege ta sau huɗu, ba uku ba. Malam ya kai loma ta farko, ta biyu, ta uku. A ta huɗu sai na ji ƙas. Ina bakin murhu amma na ji. Inna ma ta ji, don kanta ya ɗago kamar na zakara.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Malam ya daina tauna. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ɗauki moɗa ya kurɓi ruwa.

Ya ce, "Wake ne bai nuna ba, Inna."

"Buɗe bakin in gani."

Ya buɗe. Ba komai a ciki.

Ta ce, "Ko wake ba ta iya dafawa ba." Amma dokarta ta tsakuwa ce, ba ta wake ba, sai ta ƙyale. Malam ya cinye kwanon tas da gefe ɗaya na bakinsa. Ni kuwa na shiga madafi na zauna a ƙasa. Ban tambaye shi ba, bai faɗa mini ba.

Duk da wannan regewa, da bazara ta zagayo sai ciwon ya dawo. Wannan karon kwana huɗu, sannan ƙwal, ta biyu ta faɗo. Na fara naɗe tabarmata tun kafin a ce mini. Malam yana kwance ko magana da ƙyar yake, ya ce, "Inna, a bari in warke tukuna. Ba na iya kiran shaidu a haka."

Sai Inna ta zo da sabon ilimi. A shekarar nan ko'ina a Kazaure gini ake yi, kowa ya samu kuɗi sai ya rushe ginin ƙasa ya sa bulo. A bayan gidanmu akwai masu buga bulo, Inna ta daɗe tana leƙensu ta katanga. Ta tara mu ta ce ta gano asirin ciwon.

Ta ce, "Me ake haɗawa a yi bulo? Yashi, da siminti, da ruwa. To yashin daga hannun wannan yake fitowa. Simintin kuwa nono ne. Fari ne, kuma daskarewa yake, kowa ya ga kindirmo. Sai ya kora da ruwa, cikinsa ya buga bulo."

Wallahi a ranar ni ma na ga hikimar maganar. Har maƙwabta suka ce Inna da namiji ce da ta yi alƙalanci.

Ta karɓe girkin Malam daga hannuna. Ta hana shi duk abin da ake shanyawa a ƙasa: ba gero, ba dawa, ba shinkafa, ba wake. Fura ta tafi, nono ya bi ta. Akwai wata Bafulatana daga rugar da ke hanyar Gwiwa, wadda ta shekara goma tana kawo mana nono kowace hantsi. Inna ta tare ta a ƙofa ta ce kada ta ƙara sauke ƙwaryarta a gidan nan.

Bafulatanar ta ce, "Inna, mu da muke kwana muna tashi a kan nono, wa kika taɓa ji ya haifi dutse a ruga?"

Inna ta ce, "Ku ai yawo kuke, ba ya samun zama ya daskare."

Ruwa ma ta sa masa ƙa'ida, moɗa ɗaya bayan abinci, kada bulo ya jiƙa. Abin da ta yarda ya ci shi ne abin da ba ya ɓoye tsakuwa. Ganye, tunda a sama yake. Ta shuka alayyafo a bakin magudanar wanka, ya yi kore shar, kullum sai ta yanka ta dafa masa tuli guda. Yau alayyafo da dakakkiyar gyaɗa, gobe kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, jibi yakuwa. Dankali a madadin tuwo. Kantun riɗi don marmari. Gyaɗa kuwa ta ce ya ci iya cinsa, tunda Allah da kansa ya rufe ta a ɓawo. Da safe burodi da baƙin shayinsa, da yamma ma haka, domin shayi ta rariya yake bi. Malam ya riƙa cin ganye har ya ce mini in na ji ya fara kuka irin na akuya kada in yi mamaki.

Sannan ta yanke hukunci. Za a yi shekara guda a kan abincinta. Idan bazara ta zo ta wuce tsakuwa ba ta fito ba, to ta tabbata hannuna ne, in tafi. Idan ta fito, ta wanke ni.

A nan nake so a rubuta daidai yadda na faɗa, kada a gyara mini. Idan mijina ya warke, za a raba ni da shi da 'ya'yana huɗu, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Idan ya sake birgima a ƙasa yana fitsarin jini, na zauna. To me mace za ta roƙa in ta ɗaga hannu bayan salla? Wata da watanni ina cewa, Allah ka zaɓa mana abin da ya fi alheri, ina yin sauri in shafa kafin zuciyata ta ƙara wani abu. Da sanyi ya wuce, zafi ya fara, Malam yana ta harkarsa lafiya lau, Inna ta fara tambayata ko tukwanen da na zo da su suna nan cif. Ranar wata Juma'a da la'asar, bayan na sallame, na ɗaga hannu na ce, "Ya Allah, ka ba shi tsakuwa. Ƙarama. Kamar ƙwayar gero, wadda za ta fita a yini ɗaya. Ka dai sa ta yi ƙara a tasa yadda Inna za ta ji."

Na faɗa. Da bakina na faɗa.

Kwana goma sha bayan haka aka sauko da shi daga mota a kasuwar Babura, aka kawo shi gida a kwance a kan buhuna. Wannan karon ba ihu, ƙarfin ihun ma babu. Amai, zazzaɓi, fitsari sai ɗigo. Kwana uku muna jiran ƙwal, tasa ta yi shiru. Malamin asibitin Kazaure ya duba shi ya ce a wuce da shi Kano yau, ba gobe ba. A cikin motar kansa na kan cinyata, ina cewa a zuci, ya Allah, ƙarama na ce, ƙarama.

A babban asibiti aka ɗauki hoton cikinsa. Tsakuwar ta toshe hanya, ba ta gaba ba ta baya, sai da aka yanka kwiɓinsa aka ciro ta. Ita ce babbar nan ta cikin gwangwani. Likitan wani Ba'indiye ne mai gashi a kunne, ba ya jin Hausa sai "sannu" da "kwanta". Wata ma'aikaciyar jinya, Bakanuwa mai kaifin baki, ita ke fassara. Bayan kwana biyu, da Malam ya farfaɗo, likitan ya zo da tsakuwar a 'yar kwalba, ya ce a tambaye mu me mutumin nan yake ci.

Inna ta gyara zama. Ta lissafa abincinta ɗaya bayan ɗaya, da alfahari, har da bayanin bulo. Ma'aikaciyar tana fassarawa, likitan yana dafe goshi. Da aka zo kan moɗa ɗaya ta ruwa sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya yi magana mai tsawo.

Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, likita ya ce da wani ya zo ya ce masa yana so ya ƙera tsakuwa a cikin mutum da gangan, to abincin nan naki zai rubuta masa."

Inna ta ce, "Ban gane ba."

Sai ta yi mana bayani, kuma na riƙe shi kamar karatun salla, don shi ne ya wanke ni. Ta ce tsakuwar da mutum ya haɗiya a abinci ba ta da hanyar zuwa ƙoda. Hanji take bi, ta fita ta baya, ko da loma guda ce ta tsakuwa. Wannan ta ƙoda a can ciki take haɗuwa, daga abin da ido ba ya gani. Ta ce akwai wani abu kamar gishiri a cikin wasu abinci, ta faɗi sunansa da Turanci, bakina bai iya ɗauka ba. Yana da yawa a alayyafo, da gyaɗa, da riɗi, da dankali, da baƙin shayi. Shi wannan abu ba ya son zama shi kaɗai. In ya tarar da nono a cikin hanji, sai ya manne da wani sinadari na nonon, su bi hanya su fita tare, ba wanda ya ji labarinsu. In bai tarar ba, sai ya ratsa hanji ya shiga jini, jini ya kai shi ƙoda, a can ya sami irin wannan sinadarin ya manne masa. In ruwa ya yi yawa, fitsari ya wanke su tun suna gari. In ruwa ya yi kaɗan, ga zafi, ga gumi, sai su zauna su yi ta tara 'yan'uwa.

Ta dube ni ta ce, "Kin gane, Yaya? Kamar tuzuru ne. In an yi masa aure a gida, sai ya kama hanyarsa. In an bar shi, sai ya tafi gidan mutane ya yi ɓarna."

Na ce, "Na gane."

Inna ta ce, "To simintin fa?"

"Iya, simintin naki shi ne maganin. Likita ya ce akwai likitocin da su ma suke hana nono, amma shi ba ya hanawa, don ya ga abin da hanawar ke yi. Ya sha nono tare da abinci, ba a ce ya yi wanka da shi ba. Ya rage ganyen nan da gyaɗa da shayi, ba a ce ya daina ɗungurungum ba. Ya rage gishiri. Ruwa kuwa ya sha har fitsarinsa ya yi fari kamar ruwan rijiya. Direban da ba ya tsayawa, ya sauya mota."

Ni dai abu ɗaya nake jira. Na ce, "'Yar'uwa, tambaye shi. Matar da ba ta iya rege hatsi ba, tana iya jawo wannan?"

Ta tambaye shi. Likitan ya yi dariya har gashin kunnensa na rawa. Ya nuna haƙoransa, ya girgiza kai, ya nuna kwiɓi.

Ta ce, "Ya ce sai dai ta karya masa haƙori."

Na dubi Malam. Ya juya fuska wajen bango.

Da aka sallami Malam muka kamo hanyar Kazaure. A mota Inna ta ce mutanen likitan nan da ba sa cin naman shanu ai dole su yabi nono. Shi ke nan abin da ta faɗa. Ba ta ba ni haƙuri ba, kuma ban sa rai ba. Amma washegari da hantsi na ga ta yafa mayafi ta fita ba ta gaya wa kowa ba. Sai ga ta ta dawo, Bafulatanar nan na biye da ita da ƙwarya a ka, tana murmushi har kunne.

Bafulatanar ta ce, "Inna, simintin buhu nawa za a sauke?"

Inna ta ce, "Sauke ki rufe mini baki." Sannan ta juyo, ba ta dubi idona ba, ta ce, "Ke, dama masa." Da yamma ta tuge alayyafon nan ta watsa wa awaki.

Tun daga ranar Malam bai ƙara kwana bai sha fura da nono ba. Ya sayi jarka yana yawo da ita a mota, abokansa na kiran sa mai rijiya. Shayin bai bari ba, amma ya koma sau ɗaya, da madara. Tsakuwa ba ta ƙara fitowa ba. Ba zan ce ga dalili ba, ni ba likita ba ce, na dai faɗi abin da na gani. Inna kuwa da tsufa ya kama ta, haƙoranta suka zube saura dasashi, ba ta cin tuwon kowa sai nawa. 'Ya'yanta mata su kawo mata abinci ta ture, ta ce da yashi. Ta ce duk garin nan mutum ɗaya ce ta iya rege hatsi, kuma ita ta koya mata. A hannuna ta cika, Allah ya jiƙanta. Na yi mata kuka na gaskiya, ban da na kunya.

Addu'ar nan tawa kuwa na riƙe ta a ciki shekara da shekaru. Duk ranar da Malam ya tuɓe riga na ga tabon ɗinki a kwiɓinsa, dogo kamar sawun maciji, sai in ji kamar ni na riƙe wuƙar. Na yi istigfari, na yi azumi, na yi sadaka, abin bai sauka ba. Sai bara, da ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, wanda ba ruwansa da ƙoda, tsufa ne da zuciya. Wata safiya ina ba shi fura da ludayi, na ajiye ƙwaryar na ce, "Malam, akwai abin da zan faɗa maka, ka yafe mini."

Na faɗa masa duka, har da Juma'ar da la'asar ɗin.

Ina jiran ya juya mini baya. Sai na ga kafaɗarsa na rawa. Dariya yake, har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "'Yar duwatsu, ashe mu biyu ne. Ni ma na roƙa."

Na ce, "Ka roƙi me?"

"Tsakuwa mana. Ke kin ce ƙarama. Ni na ce ko wace iri ce a ba ni, kada dai bazara ta wuce. Kin ga tawa aka karɓa, ba taki ba. Ki daina ɗaukar alhakin da ba naki ba."

Sai na ce, "Ranar shinkafa da wake fa?"

Ya buɗe baki, ya sa yatsa ya nuna mini turmin haƙorinsa na hagu, wanda ya rage rabi. Na san shi, shekara nawa ina ganinsa in ya yi hamma, ban taɓa tambaya ba.

Ya ce, "Tsakuwar da guntun haƙorin duka na haɗiye."

Na ce, "A lokacin ai ba ka san ta baya za ta fita ba."

Ya ce, "Ina zan sani? Na ɗauka kwiɓi za ta tafi. Wata uku ina jiran ta." Ya lumshe ido, ya ce, "Ƙaro furar. Kuma wannan karon ki rege geron da kyau, haƙoran sun ƙare."

Kwana tara ya ƙara.

Yanzu hatsi a leda yake zuwa, an ce inji ya tsince shi. Surukaina suna zubawa a tukunya kai tsaye. Ni har yau in zan dama fura sai na ɗauko ƙwarya biyu na zauna na rege geron sau uku, suna leƙena suna cewa Iya ta rikice. Ban rikice ba. Na san tsakuwa ba ta zuwa ƙoda, a gabana likita ya faɗa. In na gama sai in dama, in zuba nono, in cika ƙwaryar da ya saba sha da ita, sannan in tuna. Sai in zauna da ita a cinya in yi kukana, in ya ishe ni in shanye, don ba a zubar da nono.